Abinci a Baƙunta: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Lura da Shi a Agege

LEGAS — Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Kano ko Sakkwato zuwa Ikko yakan yi lissafin kuɗin mota da na masauki da la'adar dillali, amma ba kasafai yake sa abinci cikin lissafinsa ba. Alhali kuwa kwano ɗaya da ya ɓata ciki ya isa ya kwantar da mutum kwana biyu, kuma ga wanda ya sauke tumatir ko attaruhu a kasuwar Mile 12, kwana biyu na iya cinye riba har a taɓa uwar kuɗi. Saboda haka sanin inda za a ci abinci wani ɓangare ne na sana'ar fatauci.

Unguwar Agege na cikin wuraren da baƙo daga Arewa ya fi samun sauƙin wannan al'amari. Tun farkon ƙarni na 20 cinikin goro ya jawo Hausawa zuwa yankin, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ta nan ta isa Ibadan a shekarar 1901, ta kuma kai Kano a 1911. Fatake suka kafa zango, aka naɗa Sarkin Hausawa, aka gina masallatai, sannan masu dafa abincin sayarwa suka biyo baya. Har yau baƙo zai sami koko da ƙosai ko waina da safe, da tuwon shinkafa da miyar kuka ko taushe da rana, ga kuma masu shayi da burodin nan da ya yi suna da sunan unguwar.

A tsarin fatauci na dā, mai masauki ne ke ɗaukar nauyin baƙo: shi ke ajiye kayansa, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma ciyar da shi daga gidansa. Ko da yake otal-otal da wayar hannu sun rage ƙarfin wannan tsari, hikimar da ke cikinsa tana nan, domin da ɗan gari akan ci gari. Abokin ciniki ko dillalin da ke fatan baƙo ya dawo masa baɗi ba zai tura shi wurin da zai cutu ba. Tambayarsa ita ce mataki na farko.

Mataki na biyu ya danganci wata ƙa'ida ta tattalin arziki. Mai sayar da abinci a bakin tasha yana hulɗa ne da matafiyan da mai yiwuwa ba zai sake ganinsu ba, don haka asarar da zai yi in abincinsa ya gaza kaɗan ce. Amma mai tuwon da ke cikin unguwa tana rayuwa ne da masu zuwa kullum, wato mahauta da 'yan dako da direbobi da masu shaguna, wasunsu ma da bashi suke ci su biya ƙarshen mako. Sunanta shi ne jarinta, kuma in ya ɓaci sana'ar ta mutu. Ke nan ya fi kyau baƙo ya ɗan nisanci tasha, ya shiga lungu ya duba inda mazauna wurin suke cincirindo.

Yawan masu saye yana da wani amfanin kuma. Tukunyar da ke ƙarewa da wuri ba ta kwana, ba a kuma ɗumama ta sau biyu ko uku. Haka nan kusancin Agege da babbar mahautar Oko-Oba ya sa masu tsire da balangu na yankin ke samun naman da aka yanka a ranar. Duk da haka, wanda zai sayi tsire ya nemi a mayar masa da shi kan wuta a gabansa.

Batun farashi ma abin lura ne. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin dakon kaya daga Arewa ya tashi, kuma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A irin wannan hali mai abinci na da zaɓi uku: ya ƙara kuɗi, ko ya rage malmala, ko ya koma ga ruɓaɓɓen tumatir da man da aka sha suya da shi. Na ukun ne mai haɗari, kuma shi ne ba a gani da ido. Idan kwano ya yi araha fiye da na maƙwabtansa nesa ba kusa ba, to akwai dalili.

Har ila yau akwai matsalar ruwa. Cutar kwalara da ta ɓulla a Legas a watan Yuni na 2024 ta tunatar da jama'a cewa sau da yawa haɗarin yana cikin ruwan sha da na wanke kwanuka ne. Ya kamata baƙo ya dubi yadda ake wanke-wanke kafin ya zauna, ya sha ruwan da aka rufe, ya kuma yi hattara da zoɓo ko kunun da bai san inda aka haɗa su ba, musamman da damina.

Wannan ba ya nufin baƙo ya tsaya ga abincin gida kaɗai. Bukkokin Yarabawa na amala da ewedu, ko sakwara da teba, suna ko'ina a Agege, kuma da yawan masu su Musulmi ne, sai dai mai shakka kan nama ya tambaya. Cin abinci tare da abokin hulɗa Bayarabe kan buɗe ƙofar cinikin da zaman ofis bai buɗe ba. Waɗannan ƙa'idoji dai su ne za su yi wa matafiyi amfani a Idi-Araba da Obalende da sauran unguwannin da Hausawa ke zaune.

A ƙarshe, akwai darasi ga masu neman inda za su zuba jari. Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 yana da tasha a Agege, haka ma jirgin cikin gari na Red Line da aka ƙaddamar a 2024. Matafiya na ƙaruwa, kuma wanda ya buɗe gidan abincin Arewa mai tsabta da tsayayyen farashi kusa da waɗannan tashoshi ba zai rasa masu saye ba.