Kafin ka sayi shayin rage teɓa, leƙa kofin mai shayinka

Ba don kaina na je asibiti ran nan ba. Baba na raka Asibitin Malam Aminu Kano ganin likitan ciwon suga, kamar yadda nake yi duk bayan 'yan watanni. Muna zaman jiran layi sai na hango sikeli a gefe, na ce bari in hau don kashe lokaci. Kilo 86. Na sauka na sake hawa, wai ko allurar ce ta yi gardama. Tana nan a 86. Wata ma'aikaciyar jinya da ke wucewa ta dube ni, ta dubi Baba, ta ce, "Samari, ka dai san ciwon nan yana bin jini ko?" Ta yi gaba abinta. Har muka hau adaidaita zuwa Unguwa Uku maganarta ba ta bar kunnena ba.

Na san abin da za ka yi in kai ne, domin shi na yi. Na buɗe waya. Cikin minti goma TikTok ya gane damuwata, ya shiga jero min masu sayar da shayin rage teɓa, da belet ɗin ɗaure ciki, da wani garin magani da aka rantse zai narkar da kitse cikin kwana bakwai. Saura ƙiris in tura kuɗi. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗabi'ar da aka cusa mana a aji, cewa kafin ka yarda da labari ka tambayi waye ya faɗa, kuma me zai samu in ka yarda.

Ga abin da na tarar. Da yawa daga cikin irin waɗannan shayin, abin da ke aiki a cikinsu ganyen filasko ne ko danginsa, wanda kakanninmu suka sani tun tuni a matsayin maganin wankin ciki. Kana sha kana zarya banɗaki, sikeli ya nuna ka ragu da kilo ɗaya ko biyu, ka yi murna. Ruwan jikinka ne ya fita, kitsen yana nan daram. Wasu kuma sun fi haka haɗari. Akwai wani sinadari mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har bayan nan hukumomin lafiya a ƙasashe daban-daban sun sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "na gargajiya zalla". Wanda ba shi da lambar NAFDAC ma ba a maganarsa.

Da na ajiye wayar sai na yi wani abu mai sauƙi: na ɗauki mako guda ina rubuta duk abin da ya shiga bakina. Komai, har da gyaɗar da ake miƙo min a majalisa. Ranar Juma'a na karanta takardar, kunya ta kama ni. Na ɗauka tuwo zan tarar yana min wannan aika-aika. Ashe rabin matsalar ma ba taunawa nake ba, kurɓa nake.

Mu fara da safe. In ka bi ta wajen tashar Unguwa Uku da sassafe za ka ga teburan masu shayi cike, direbobi da 'yan kamasho da ɗalibai irina. Tsaya ka ƙirga cokalin sukarin da ke shiga babban kofi ɗaya. Nawa mai shayin huɗu yake zubawa ba tare da ya tambaye ni ba, sannan madara, sannan garin koko mai zaƙi, wanda shi ma sukari ne ya fi yawa a cikinsa. Cokalin shayi ɗaya kusan gram 4 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ga babban mutum wannan kusan gram 50 ne, wato cokali 12. Ta ƙara da cewa in aka tsaya a rabin haka, cokali shida, ya fi alheri. To kai kafin ƙarfe takwas ka cinye kason yini, ko ka kusa.

Sai rana ta take, zafin Kano ya sauko, ka miƙa hannu cikin kular mai shago. Da yawa daga lemukan roba masu santilita 50 suna ɗauke da sukarin da ya kai gram 50 ko ya ɗan haura. Juya robar ka karanta, a rubuce yake. Da a ce wani zai zauna gabanka ya zuba cokali 12 na sukari a ruwa ya ce ka shanye, ai cewa za ka yi yana neman ranka. Lemon malt da muke yi wa kallon abin ƙara jini shi ma sahunsu ɗaya. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma ban ga wanda naira biyar a kan roba ta hana shi sha ba.

Kada ka ce to ka koma na gida ka tsira. Zoɓo in ba a sa masa komai ba kusan ruwa ne mai launi da ɗanɗano, amma wanda ake ɗaurawa a leda ko a ɗura a gora, zaƙinsa ne ke sayar da shi. Kunun aya ga dabino ga kwakwa, sannan a bi shi da sukari. Fura da nono abinci ce cikakkiya, ba ruwan da za a kora abinci da shi ba, amma mu sai mu ci shinkafa mu ƙoshi sannan mu ce a dama mana. Matsalar abin sha mai zaƙi ita ce ciki ba ya lissafa shi. Ka sha lemo ka ci abincinka yadda ka saba, ko loma ɗaya ba za ka rage ba.

Nan na fara, kuma nan kaɗai na tsaya har wata guda. Shayi daga cokali huɗu zuwa biyu, daga baya ɗaya. Lemo ya koma na ranar biki. Makon farko shayin kamar ruwan wanke kofi, ba zan ɓoye maka ba. A mako na uku na kurɓi na abokina, na ji zaƙin ya yi min yawa har yana hawa kai. Harshe yana sabo, kuma yana sakin sabo.

Abu na biyu shi ne mai, kuma a nan ne zan taɓa abin da muke ƙauna. Garau-garau ba shi da laifi. Shinkafa da wake haɗi ne mai kyau, waken yana riƙe ciki, yana gina jiki. Amma dubi hannun mai sayarwa lokacin da ta nutsa ludayi cikin man. Kowane gram na mai yana ba da kalori 9, alhali na sukari 4 ne. Babban cokali ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, ko na gyaɗa ne ko manja. In aka malala maka uku, ka sha 360 kafin a yi maganar shinkafar, kuma sai ka yi tafiyar sauri ta kusan awa guda kafin ka ƙona wannan. Mu kuma har cewa muke, "Hajiya a ɗan ƙara mai." Yanzu cewa nake a sa cokali ɗaya, a yawaita wake, a cika min latas da tumatir da gurji. Kuɗin ɗaya ne. Har tsokanata take wai na zama ɗan gayu.

Haka abin yake ga sauran. Ƙosai da alale duk wake ne, ɗaya ya yi iyo a kasko, ɗaya turara shi aka yi. Awara waken suya ce mai gina jiki, sai dai tana shan mai kamar soso, don haka guda biyar da kabeji ba daidai suke da guda goma sha biyar da yaji ba. Ɗanwake, gurasa bandashe, waina, duk ba wanda na daina ci. Na dai daina barin su yi ninƙaya. Dambu da zogale, kwaɗon rama, faten wake, faten tsaki mai ganye da yawa, waɗannan da muke rainawa muna cewa abincin ƙauye, su ne irin abin da masana abinci ke roƙon mutane su koma wa. Ƙuli-ƙulin kwaɗo dai a sa da hankali, shi ma gyaɗa ce.

Tuwo fa? Ka ci tuwonka. Malmala ɗaya da miya mai yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe, ta fi malmala uku da miyar da aka shafa a gefe. Na dawa ko gero ko alkama da ba a surfe shi fes ba ya fi daɗewa a ciki. Tun muna Islamiyya aka koya mana raba ciki gida uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Mun haddace, mun ci jarrabawa a kai, mun bar shi a allo.

Inda na fi shan wuya shi ne dare. Ka san yadda ake yi: an tashi daga kallon ƙwallo ƙarfe goma sha ɗaya, a zarce wajen mai shayi, indomi biyu, ƙwai uku, a soya cikin mai, ga burodi, ga shayi mai kauri, sannan a je a kwanta. Wannan fa bayan an ci tuwon gida da magariba. Abinci na huɗu ke nan a yini, kuma ya fi sauran nauyi. Ƙwan ba shi ne abin tsoro ba. Taliyar da aka riga aka soya tun daga kamfani, da man da aka ƙara, da gishirin da ke cikin ɗan ƙullin sinadarin, su ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai gram 5, kusan cokalin shayi ɗaya, saboda hawan jini. Ban daina zuwa majalisar ba, don ba zan iya rabuwa da musun Arsenal ba. Ina zama, in ci dafaffen ƙwai ko in sha shayi ba madara, wani lokacin ruwa kawai.

Za ka ce abinci mai kyau sai mai kuɗi, a wannan tsadar. Akwai gaskiya a ciki, kifi da nama da tufa ba na kowa ba ne. Amma lura da cewa duk abin da na lissafa ragewa ne, ba ƙari ba. Kuɗin lemon da ban sha ba shi nake ba mai baro ya yanko min kankana ko gwanda. Yalo, karas, gurji, goba, lemon zaƙi lokacin sanyi, mangwaro lokacin zafi, duk suna nan a Kasuwar Tarauni, in kuwa da yawa kuke so ku haɗa kuɗi ku gangara 'Yan Lemo a Na'ibawa. Abin da ake so shi ne gram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ka ci ɗan itacen da kansa, kada ka matse ruwan ka zubar da tuƙar, don ita ce ke riƙe ciki. Tafiya kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 da yawanmu mun fara ta ba da niyya ba. Daga Unguwa Uku zuwa Gyaɗi-Gyaɗi a ƙafa da yamma ba abin kunya ba ne. Minti 150 a mako ake nema, wato rabin awa sau biyar.

Wahalar da ba wanda ya gaya min ita ce ta mutane. A wajenmu ƙiba alamar hutu ce, tumbi kuma na Alhaji ne. Da na fara faɗawa, Umma ta kira ni ɗaki ta tambaye ni ko wani abu na damuna a makaranta. Gwaggona cewa ta yi a nemo min maganin shawara. Ka je zance a kawo maka lemo mai sanyi a faranti, ka ce ruwa za ka sha, ka ga yadda fuska za ta canza. Ke kuma 'yar uwa, naki ya fi nawa wuya: yau a ce kin yi ƙiba, gobe a ce kin bushe, har wasu na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su ciko, alhali wasunsu magunguna ne masu ƙarfi da ke iya jawo hawan jini da ciwon suga. Masu yi wa mai jiki dariya a ƙarƙashin hotonta kuwa, ban taɓa ganin wanda gorinsu ya rage wa ko gram ɗaya ba. Wani jikin gado ne, wani magani ne ya kawo shi, wani haihuwa.

In kana son sanin inda ka tsaya ba sai ka nemi sikeli ba. Samo igiya, ka yanke ta daidai tsawonka, ka ninka biyu, ka zagaya cikinka da ita ta wajen cibiya. In bakin biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne wanda ya fi alaƙa da ciwon suga da na zuciya. Kada ka yi gaggawa: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne ragin da likitoci ke ganin ya dace, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka kaɗai yana iya gyara hawan jini da sukarin jini. Kwana da yunwa ba dabara ba ce, ramuwar gayya ake yi wa tukunya washegari. Mai ciki, mai shayarwa, mai olsa, da wanda ke shan maganin suga, su fara ganin likita kafin su taɓa abincinsu. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya canza komai ba, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, wannan ba abin murna ba ne, ya je a auna jininsa.

Watan jiya na sake raka Baba asibiti, wata biyar bayan wancan zuwan. Na hau sikelin nan dai: 79. Igiyata har yanzu saura kamar yatsu biyu ta haɗu. Da muka dawo na tsaya wajen mai shayina, kafin in buɗe baki ya ɗaga cokali ɗaya sama yana dariya, ya ce, "Na ɗan boko, ko?"