Yawur na kanti: wanne za mu saya wa wanda likita ya hana alkama?

A wani zama na asusunmu, bayan an gama zubi an kulle akwati, wata ƴar'uwarmu ta ɗaga hannu. Ɗiyarta ta daɗe tana zawo da kumburin ciki, tana ci ba ta ƙiba. Bayan awo, likita ya ce hanjinta ba ya jituwa da alkama, a janye mata ita kwata-kwata. Uwa ta janye burodi da taliya da fanke, yarinya ta fara murmurewa. Sai ga ciwo ya dawo. Da aka bi diddigi, ashe degen da ake sayo mata da marece da kuskus na alkama aka haɗa shi. «To yanzu nonon ma in hana ta?» in ji ta. A'a, ƴar'uwa, nono ba shi da laifi. Abin da aka zuba a cikinsa za mu duba.

Sinadarin da ke kawo wannan wahala ana ce da shi gulutan. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Yana cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da Faransanci ke kira seigle. Ga mai cutar da likitoci ke kira maladie cœliaque, ko kaɗan ya shiga ciki sai ya lalata fatar hanji, jiki ya kasa tsotse amfanin abinci. Daga nan sai rama, ƙarancin jini, yaro ya tsaya ba girma. A duniya wajen mutum 1 cikin 100 ke da ita, kuma maganinta ɗaya ne: barin gulutan har iya rayuwa. Mu gode Allah, gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, wake da gujiya duk ba su da shi. Hurarmu da tuwonmu lafiya lau.

Yawur na asali abu biyu ne kawai: madara da ƙwayoyin da ke sa ta barci, kamar dai yadda muke zuba tsohon nono cikin sabo ya zama kindirmo. Babu gulutan a nan. Saboda haka in mun shiga kanti, ko na Niger-Lait muka ɗauka, ko Solani, ko wanda ya shigo daga Najeriya, mu juya ledar mu duba wurin da aka rubuta ingrédients. In muka ga lait, ferments lactiques da sucre kaɗai, mu saya hankali kwance. Gajeren jeri ya fi dogo aminci.

Kalmomin da za su sa mu mayar da shi cikin firigo su ne blé, froment, semoule, orge, seigle, malt, biscuit da céréales. Avoine ma a bar shi, don sau da yawa yana cuɗanya da alkama tun daga gona. A kayan Najeriya da ke da rubutun Ingilishi, wheat, barley da malt ne abin gudu. In an rubuta amidon de maïs, sitacin masara ne, ba komai. In kuwa amidon ne kawai ba a faɗi na mene ne ba, gara a haƙura. Haka in aka ce «traces de gluten». Wadda ba ta karatun boko ta kwafe waɗannan kalmomi a takarda, ko ta tafi da ɗan lakwal ya duba mata.

Wasu kayan waje suna ɗauke da rubutun sans gluten, ko hoton zangarniyar alkama da aka ja wa layi. A ƙa'idar duniya ma'anarsa gulutan bai wuce miligiram 20 cikin kilo guda ba. Alama ce mai kyau, amma kada mu zubar da jikkunan bashin asusu a kanta. Yawur nature na gida ya wadatar. In yaro na son zaƙi, mu yanka masa ayaba ko mangwaro da hannunmu, ko mu dama masa da hurar gero.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne na ƙulli, wanda ba rubutu a jikinsa, da dege na bakin hanya. A nan sai tambaya: «Hajiya, da me kika haɗa? Gero ne zalla ko da kuskus? Kin sa fulawa don ya yi kauri?» Ludayin da aka juya kuskus da shi bai kamata ya shiga nonon marar lafiya ba. Injin niƙa ma abin lura ne, in ana niƙa alkama a cikinsa.

Da yawa daga cikinmu da kuɗin asusu muka fara sana'ar yawur da dege. To wannan magana tamu ce. In mai saye ta tambaye mu, mu faɗa mata gaskiya ko da za ta fasa saye. Wadda ta ware roba da ludayi ta yi na gero zalla, ta samu masu ciniki da ba za su bar ta ba.

Jan kunne biyu kafin mu rufe. Kada mu yanke wa yaro alkama da kanmu don mun ga yana zawo. A kai shi likita tukuna, don awon jinin ba ya nuna gaskiya sai mutum yana cin alkama. Na biyu, in nono ne da kansa ke murɗa ciki, wannan matsala ce daban, ta sukarin da ke cikin madara, kuma takan zo wa mai cutar a farko har hanji ya warke. Ita ma a faɗa wa likita.

A zama mai zuwa kowace ta zo da ledar yawur ɗin da gidanta ke sha, mu karanta tare. Allah ya ba yaranmu lafiya.