Gudu da ƙarfi: aikin puli da bitas a cikin inji

1. Gabatarwa

Kalmar bitas, wadda hausar Nijar ta aro daga faransanci vitesse, ma'ana biyu gare ta tun asali: saurin tafiya, da kuma matakan da direba yake canjawa da hannu, waɗanda ake kira giya a Najeriya. Wannan haɗuwa takan sa a ɗauka cewa ƙara bitas ƙara wa inji iko ne. A cikin wannan ɗan rubutu mun keɓe bitas ga ma'ana ta biyu, muna amfani da gudu ga ta farko. Za mu nuna cewa puli da bitas musanya kawai suke yi: abin da aka samu a gudu an rasa shi a ƙarfi.

2. Puli da kurwa

Mu ɗauki injin niƙa. Puli biyu gare shi, ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin maniƙa, kuma kurwa, wato maɗaurin roba, ita ke haɗa su. Idan faɗin pulin inji santimita 10 ne, na maniƙa kuma 20, sai ƙarami ya juya sau 2 kafin babba ya juya sau 1. Ke nan injin da ke juyi 1500 a minti zai ba maniƙa juyi 750, amma ƙarfin murɗawa ya kusan ninkawa. In aka sauya musu wuri, maniƙa zai yi juyi 3000 da kusan rabin ƙarfin inji. Ƙa'idar ita ce: juyin na biyu daidai yake da juyin na farko sau faɗin na farko, a raba da faɗin na biyu.

3. Keke da mota

A keke, sarƙa ce a madadin kurwa, kuma haƙora ake ƙirgawa. Haƙora 44 a gaba da 22 a baya suna ba ƙafar baya juyi 2 a kowane zagayen feda. A hawan tudu mai keke yakan koma babban faranti na baya: tafiya ta ragu, taki ya yi sauƙi.

Haka abin yake a mota. A bitas na 1, inji yana juyi 3 zuwa 4 kafin sandar da ke fitowa daga akwatin bitas ta yi juyi 1. Shi ya sa da shi ake tayar da mota mai kaya ko a fita daga rairayi. A Peugeot 504 mai bitas 4, wadda ta fito a 1968, bitas na 4 kai tsaye ne: juyi 1 na inji, juyi 1 na sanda. Duk da haka haƙoran da ke tsakanin ƙafafun baya suna sake rage juyin kusan sau 4.

4. Inda ake yin kuskure

Akwai injinan yankan ciyawa da ake hawa, masu tafiya da kurwa. Wanda ya ƙara faɗin pulin inji daga santimita 10 zuwa 15 ya ƙara gudu da rabi, amma ƙarfin ja ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, alhali birkin ba a yi shi don wannan gudu ba. Mai injin niƙa da ya yi irin wannan dabara don ya sallami jama'a da wuri zai ga kurwa tana zamewa tana zafi, inji yana nishi idan hatsi ya yi yawa, ga kuɗin gyara.

5. Kammalawa

Muna ba masu rubuta littattafan yaƙi da jahilci shawara su raba kalmomin nan uku: gudu, ƙarfi, bitas. Makaniken da ya riƙe bambancinsu zai auna puli biyu ya yi lissafi kafin ya kwance ko ɗaya.