Yadda Malami Zai Adana Takardunsa

'Yan'uwana ɗalibai, ga 'yar shawara ga waɗanda za su fita gwajin koyarwa bana.

Bara da aka tura ni wata firamare, takarduna duka cikin jaka guda na ke cusa su. Ran nan mai duba aiki ya zo daga kwaleji, ya ce in kawo takardar makin yara. Na zazzage jaka, na nema har na yi gumi, ban gan ta ba. Ashe ƙarƙashin tabarma na bar ta, gara ta ci rabinta. Tilas na sake yi wa yara jarrabawa, watau su suka sha wahalar sakacina.

To, ga dabarar da na koya. Ka sami fayil uku, ka rubuta sunan kowane a bayansa. Na fari na tsarin aikin zango ne da shirin darussa. Na biyu na sunayen yara da makinsu, shi kuwa kada ka bari yaro ya ɗauka, gama asirin mutane ne. Na uku na wasiƙu da rasit. Kowace takarda ka sa mata kwanan wata a sama, ka jefa ta fayil ɗinta ran da ta zo, sabuwa bisa tsohuwa. Ka ajiye su kan kanta, nesa da ƙasa. Da damina kuma ka sa su cikin leda saboda laima.

Wanda ke aiki da kwamfuta, shi ma haka zai kasa nasa uku. In za ka ba takarda suna, fara da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, kamar 2025-03-14. Dalili kuwa, kwamfuta da farkon suna ta ke jerawa. In ka fara da rana, sai 14 ga Maris ta zauna kusa da 14 ga Yuni, lissafi ya rikice. Takardar maki kuma ka ɗauki hotonta da waya, domin in ɗaya ta ɓace ɗaya na nan.

Kowace Jumma'a bayan an tashi, ka ba aikin nan minti 15. Kada ka jira sai mai duba ya iso ƙofar aji, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu sa'a, amin.