Ramin Zinariya Ba Ya Komawa Gona Don Kansa

Ƙasar Birnin Gwari ƙasar noma ce, masara da dawa da shinkafa suna yi ƙwarai. Ƙasar daji ce kuma, gama a nan gandun Kamuku yake, wanda En'e ta keɓe a 1936, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1999. Abu na uku da Allah ya ba ta shi ne zinariya, wadda ake haƙa tun zamanin Turawa.

Bayan sulhun da aka yi a watan Nuwamba na 2024, manoma sun fara komawa gonakin da rashin zaman lafiya ya raba su da su. To, wanda ya tarar da ramuka a gonarsa, da wanda mahaƙa suka zo neman aron filinsa, ya kamata su san abu guda: cike rami dabam, rayar da ƙasa dabam.

Dalili kuwa shi ne, ƙarfin gona duka yana cikin baƙar ƙasar sama, wadda sau da yawa kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba. A cikinta taki yake, da irin ciyawa, da ƙananan halittu masu ruɓar da ganye. Mahaƙi yakan binne ta, ya bar jar ƙasa da tsakuwa a sama. In ruwa ya sauka sai ya kwashe su, kafin damina biyu an sami kwazazzabo.

Ga yadda aikin yake. Tun kafin a sa diga, a kankare ƙasar sama a tara ta gefe guda. In an gama haƙa, a fara zuba duwatsu, a bi da jar ƙasa, sa'an nan a shimfiɗa baƙar. A yi tozo kaɗan, don wurin zai lotsa. Da faɗuwar ruwa a zuba takin shanu, a dasa gamba a jere ta gicciye gangare, saiwarta tana riƙe ƙasa. Daga baya a sa itatuwan da ƙasar ta sani, kamar ɗorawa da kaɗanya da maɗaci. A tsare wurin daga gobara da dabbobi.

Yaya za a san aiki ya yi? Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ƙarshen damina mutum ya ratsa wurin taku ɗari, yana ƙidaya sau nawa ƙafarsa ta sauka kan ciyawa. Ya yi haka a maƙwabcin filin da ba a haƙa ba. In lissafin biyu bai yi kusa ba, da sauran aiki. Kuma shekara ɗaya ba ta isa shaida ba. A Amurka, dokar 1977 ta ɗora wa kamfanin haƙar kwal nauyin tsiron har shekara 5, inda ruwan shekara bai wuce inci 26 ba kuwa shekara 10. Ko a nan gida, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gyara ƙasar da ya ɓata. A Jos ma an cike waɗansu filayen kuza aka dasa itacen turare, amma tafkunan da aka bari har yau suna nan.

Akwai gargaɗi babba. Wurin da aka niƙa dutse ko aka wanke zinariya yana iya ɗauke da gubar dalma ko zaiba. A 2010 dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a 2015 kuma ta ɓulla a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Kada a shuka abinci a irin wannan wuri, kada yara su yi wasa a kai, sai ma'aikatan lafiya sun auna ƙasar.

Saboda haka duk mai ba da aron fili ya sa sharaɗin gyara a takarda, gaban dagaci da malamin gona, kafin a fara haƙa. Kuɗin zinariya yana ƙarewa, gona kuwa gadon jikoki ce. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.