Injin Jirgin Sama Mai Shan Iskar Da Ake Gudu

Duk wanda ya lura da manyan jiragen fasinja da ke sauka a Ikeja zai ga yawancinsu injinansu na rataye ne a ƙarƙashin fukafukai, nesa da gangar jirgin. Da dalili aka yi haka. Iskar da ke goga jikin jirgi tana rage gudu, kamar yadda ruwan bakin gaɓa ba ya gudu irin na tsakiyar kogi. Wani Bajamushe, Ludwig Prandtl, shi ya bayyana wannan siririyar shimfiɗar iska a 1904. Injiniyoyi sun daɗe suna nisanta injin daga gare ta.

To, a ƙarshen 2016 hukumar NASA ta Amurka ta gwada akasin haka a cibiyarta ta Glenn da ke birnin Cleveland, tare da cibiyar bincike ta kamfanin United Technologies. An yi gwajin cikin wani ƙaton bututu mai ƙafa 8 a tsaye da ƙafa 6 a faɗi, inda ake hura iska da gudun jirgin da ke tafiya a sama. Suka ɗaga daɓen bututun don iskar mai nawa ta yi kauri, sannan suka dasa fankar injin ta zuƙe ta.

Ribar a nan take: iskar da ta riga ta rage gudu ba ta bukatar ƙarfi mai yawa kafin a tura ta baya. Masu ƙera jiragen ruwa sun san wannan tuntuni, ga farfelarsu nan a bayan jirgi. NASA ta ƙiyasta za a rage shan mai da kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari. Kada mai karatu ya raina wannan, domin mai na cikin abubuwan da suka fi cinye kuɗin kamfanonin jirage.

Amma akwai haɗari. A kowane juyi, kunnen fanka yana ratsa iska mai nawa, ya faɗa mai sauri, sau dubbai a minti ɗaya. Ƙarfen da ake lanƙwasawa ana miƙewa haka ƙarshensa karyewa. Saboda haka aka ƙera fanka ta musamman mai jure wannan jijjiga, kuma ta fito daga gwajin lafiya. Har yanzu dai babu jirgin fasinja da ke jigila da irin wannan injin.