Rawar Da Jarrabawar JAMB Ke Takawa Wajen Zaɓen Ɗaliban Likitanci

A unguwar Bulumkutu da ke Maiduguri, ɗalibin da ke burin zama likita ya san cewa zaman awa biyu a gaban kwamfuta na iya buɗe masa ƙofar Jami'ar Maiduguri, ko kuma ya tilasta masa jiran wata shekara.

Wannan zama shi ne jarrabawar UTME, wadda Hukumar JAMB da aka kafa a 1978 ke shiryawa. Tun daga 2015 ake rubuta ta gaba ɗaya a kwamfuta. Mai neman likitanci yakan amsa tambayoyi 180 a darussan Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fizik, kuma jimillar maki 400 ne.

Dalilin tsananin gasar shi ne ƙarancin gurabe. Hukumar Kula da Aikin Likitoci ta Ƙasa, wato MDCN, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta ɗauka, gwargwadon malamanta, ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. Da yake masu nema sun ninka guraben sau da dama, dole a sami ma'auni guda da za a auna ɗan Bulumkutu da ɗan Legas da shi. Haka ake yi a Amurka da jarrabawar MCAT, a Indiya kuma da NEET.

Sai dai makin UTME matakin farko ne kawai. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, a Turanci, Lissafi da darussan kimiyya uku, sannan jami'a ta yi nata tantancewar. Tun 2017, kowane gurbi sai ya bi ta manhajar CAPS ta JAMB, wadda aka ƙirƙiro don toshe ƙofar alfarma.

A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe na waɗanda suka fi maki ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, ciki har da Borno.

Wannan rabo na nuna cewa jarrabawa ɗaya ce, amma shirin da ɗalibai suka samu ya bambanta. A 2014, rikicin Boko Haram ya sa an rufe makarantun sakandaren gwamnati a Borno, ba a sake buɗe su ba sai a 2016. Har yanzu, ɗalibin da bai saba da kwamfuta ba yakan ɓata lokacin da takwaransa ke amfani da shi wajen amsa tambayoyi. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, sama da mutum miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 2 da suka rubuta jarrabawar ba su kai maki 200 ba.

Masu goyon bayan tsarin na ganin cewa idan babu shi, ɗan talaka ne zai fara rasa gurbi. Masu suka kuwa na cewa tambayoyin zaɓi ba sa auna haƙuri da tausayin da majinyaci ke buƙata. Waɗannan halaye sai a shekaru shida na karatun MBBS suke bayyana, musamman a ɗakunan jinya na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.